Neman shawara: ina ya kamata in ɗaura bindigata idan ina kan babur?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, ina da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, kuma na jima ina fita da ita saboda aikin dare nake yi, sai sawu ya ɗauke nake tashi. Da a mota nake zuwa, bindigar na cikin kubenta a ƙuguna ta dama, riga ta rufe ta, babu wanda ya sani. Kwanan nan na sayi babur, irin wanda sai mutum ya ɗan duƙa kan tanki, abin sai ya zame mini matsala. Da na hau jaket ta ɗage, gindin bindigar ya leƙo, iska kuma ta ƙarasa tona asirin. Wani abokin aikina ya ce in mayar da ita tsakiyar bayana, wani ya ce in sa ta a jakar da ake maƙalawa kan tanki. Ni kuma abin da ke raina shi ne, idan ta kama dole, ta ina zan fi saurin zaro ta ina kan tafiya? Sannan ina shirin zuwa New York a kan babur ɗin don ziyartar ɗan uwana, ina so in tafi da ita. Masu sani ku taimaka.

Tsohon Mahayi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, cire maganar zaro bindiga kana kan tafiya daga ranka. Dubi hannuwanka: na dama yana kan totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci. Wanne za ka saki? Birkin gaba shi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur, ka sake shi ka kama bindiga, ka zama ba ka da birki kuma ba ka da saiti. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, kusan mita 28 kake shafewa a kowace daƙiƙa. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. A kan hanya babur ɗin ne mafitarka: wani ya matsa maka, ka murɗa totur ka ba shi wuri, ka nufi inda akwai haske da jama'a, ka kira lambar gaggawa ta 911.

Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, idan na faɗi, ina wannan ƙarfen zai same ni, kuma zai zauna a jikina ko zai yi tsalle ya bar ni? Mai babur ya fi kusa da faɗuwa fiye da artabu da ɗan fashi, nesa ba kusa ba. Ƙaramar bindiga samfurin Glock 19 cike da harsasai ta haura giram 800. Ka ɗauka ƙarfe ne mai wannan nauyi ka ɗaure tsakanin ƙashinka da kwalta.

Shawarar tsakiyar baya kuwa, ka gode wa abokinka ka bar masa kayarsa. Ƙugu ta gefe ya fi ta, amma shi ma kwankwaso na daga wuraren da ke fara dukan ƙasa, ga matsalar ɗagewar jaket da ka gani da idonka. Gaban ciki, wajen mara, wasu na jin daɗinsa a babur ɗin da ake zama a miƙe, amma a irin naka zai riƙa tokare ka da tanki, kuma idan ka ci birki da ƙarfi jikinka gaba yake zamewa. Ni na tsaya ne kan kuben kafaɗa, bindigar na kwance ƙasan hammata ta hagu, cikin jaket, zif a rufe. Ba ta leƙowa, ba ta tokare ni, hannu da jaket suna ɗan kare ta. Ba na cewa haƙarƙari ba zai ji jiki ba idan aka faɗi ta wannan gefen. Zai ji. Babu wurin da ba shi da nasa sharrin, sai dai mutum ya zaɓi mai dama-dama.

Anti Nas:

Ɗan uwa, ni a sashen agajin gaggawa nake aiki, don haka ta inda na sani zan yi magana. Haƙarƙari ya karye ya warke. Laka idan ta taɓu, sau da yawa shi ke nan, keken guragu ne har ƙarshen rayuwa. Kada ka sa komai mai tauri a saitin ƙashin bayanka, ko bindiga ko kwado ko sifana, ko a jikinka ko a jakar goyo. Ta wajen mara kuma, ka tuna babbar jijiyar jini da ke sauka cinya ta nan ta bi, idan ta fashe mintuna kaɗan ake magana.

Abu na biyu da mahaya ba sa tunawa: idan ka suma, mu ne za mu sa almakashi mu yanke kayanka, muna sauri, ba mu san abin da ke ciki ba. Ka sa lasisinka tare da na tuƙi a walat, wuri ɗaya. Idan kana cikin hayyacinka, ka faɗa wa mai agaji na farko cewa akwai bindiga a jikinka da inda take, kuma kada ka kai hannu da sunan za ka taimaka ka ciro. Ka bari ɗan sanda ya ɗauke ta da kubenta.

Ɗan Gudun Dare:

Ni dai jakar tanki nake amfani da ita kuma ban ga aibunta ba. Babu abin da ke tokare ni, idan na faɗi babu ƙarfe a jikina. Me ya fi wannan?

Mai Koyar da Harbi:

Malam Ɗan Gudun Dare, ta fuskar rauni kana da gaskiya, ba zan yi maka musu ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Ka faɗi, kai ka yi gabas babur ya yi yamma, jakar da maganaɗisu ke riƙe da ita ta ɓalle ta faɗa ciyawa. An ɗauke ka zuwa asibiti, bindiga cike da harsashi na kwance a bakin titi tana jiran duk wanda ya tsinta, wataƙila yaro. Ko ba haɗari ba, duk tsayawar da za ka yi a gidan mai ko shago, sai ka tuna ka cire jakar ka shiga da ita. Ranar da ka ce minti ɗaya ne kawai, ranar ake ɗauke ta. Sata daga ababen hawa na daga manyan hanyoyin da bindigogi ke faɗawa hannun ɓata-gari a ƙasar nan, kuma babur ba shi da ƙofa balle gilas. Sannan canja mata wuri daga jaka zuwa ƙugu a filin ajiye motoci, a gaban mutane, shi ne lokacin da hannu ya fi kusantar kunama ba dalili. Ni ƙa'idata, yawan taɓa bindiga shi ke kawo tashin harsashi ba da niyya ba. Ka ɗaura a gida, ka kwance a gida.

Ga mai tambaya, bari in tsaya kan kube, don a nan ake yawan tsumulmular kuɗi. Kube na yadi mai laushi, wanda aka ce yana shiga kowace bindiga, ba na mai babur ba ne. Ka nemi wanda aka ƙera daidai samfurin taka, na roba mai tauri da ake kira Kydex ko fata mai kauri, wanda ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Kuma matsi kaɗai bai isa ba, a sami maɗauri ko maɓallin da sai ka danna da babban yatsa kafin ta fito. Gwaji mai sauƙi: ka cire gidan harsashi, ka ja saman bindigar baya ka duba da ido da yatsa cewa babu ko ɗaya a ciki, ka sa ta a kube, ka kife shi a kan katifa ka girgiza da ƙarfi. Idan ta zame, kuben bai ci jarrabawa ba.

Ita kanta bindigar, ka san irin wadda kake riƙe da ita. Yawancin na zamani suna da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke tare allurar da ke dukan harsashi, ba ya kaucewa sai an ja kunama, shi ya sa faɗuwa ƙasa ba ta tayar da su. Tsofaffin samfura ba duka ke da wannan ba. Kamfanin Ruger sai a 1973 ya sake fasalin bindigoginsa masu juyawa irin na kaboyi ya sa musu kariyar faɗuwa, kamfanin Colt kuma ya ƙara wa bindigarsa samfurin 1911 abin tare allura a jerin Series 80 a 1983. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga ko ya saya ta hannu, ya kai wa maƙerin bindiga ya duba kafin ya hau babur da ita. Haka wanda ya sa aka sassauta kunamarsa don ta yi laushi, wannan ta filin gasa ce, ba ta hanya ba.

Sai ƙananan abubuwa da ke zama manya. Jijjigar babur na kwance notunan kube a hankali, ka ɗiga musu gam ɗin riƙe notuna na Loctite shuɗi kuma ka riƙa dubawa. Zufa da ruwan sama na kawo tsatsa, musamman a ƙasan hammata, don haka ka goge ta da mai akai-akai. Safar hannu ta babur mai kauri kan cika zoben da ke kewaye da kunama, kuma ba ka jin abin da yatsanka ke taɓawa, kada ka mayar da bindiga kube da safa a hannunka. Igiyar matse jaket ma kan shiga kube ta ja kunama lokacin mayarwa, ka yanke ta ko ka cusa ta ciki. Idan kana sa rigar nan mai kumbura da iska lokacin haɗari, karanta takardar kamfanin game da sa abu mai tauri a ƙarƙashinta, don idan ta tashi matse jiki take yi da ƙarfi.

Baban Yara:

Ku yi haƙuri in ɗan fita daga layi. Ɗana, ka tambayi kanka ko kana da sanyin zuciya a kan titi. Mai babur kullum cikin cin fuska yake, wannan ya yanke ka, wancan ya matse ka bai ma gan ka ba. Idan kai mai bin mota ne ka doki madubi don ka rama, to ka bar bindigar a akwatinta a gida. Wanda ke ɗauke da makami shi ne zai fara ba da haƙuri ko da shi aka zalunta, domin alƙali zai tambayi wa ya fara tsokana.

Mai Bin Doka:

Maganar New York ce ta sa na shigo. Yaya, kada ka kuskura. A Texas kana cikin sauƙi: tun Janairun 2016 mai lasisi na iya ɗaukar ta a fili muddin tana cikin kube, daga 1 ga Satumban 2021 kuma wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba yana iya ɗauka ko babu lasisi. Shi ya sa leƙowar da take yi ba laifi ba ne a wurinku, sai dai jawo ido. New York kuwa ba ta amincewa da lasisin kowace jiha, haka New Jersey da za ka iya ratsawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya soke sharaɗin nuna dalili na musamman kafin a ba mutum lasisi a New York, amma bai mayar da lasisin Texas ya zama na can ba. Kama ka da bindiga mai harsashi a can babban laifi ne mai ɗauri.

Wasu za su ce maka akwai dokar tarayya ta 1986 da ke kare matafiyi. Akwai, amma ga sharuɗɗanta: dole ya zama halal ne ka mallake ta a inda ka taso da inda za ka sauka, babu harsashi a cikinta, kuma a abin hawan da ba shi da but, irin babur, tana cikin akwati mai makulli. Kariya ce ga mai wucewa. Kai kuwa New York ɗin ce masaukinka, don haka ba ta rufe ka ba. Ka kulle ta a gida ka yi tafiyarka.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai: ka kashe inji, ka ɗaga gilashin hular kwano, hannuwa biyu a kan babur inda zai gan su. Ka ce masa kana da lasisi kuma bindiga na wuri kaza, ka tambaye shi yadda yake so ka yi. Jihohi sun bambanta, a Michigan wajibi ne ka faɗa nan take, a Texas idan ya nemi shaida sai ka haɗa masa da lasisin bindigar. Kowa ya tuna Philando Castile, mai lasisi ne, ya faɗa da bakinsa, amma aka harbe shi a Minnesota a 2016 lokacin da ya kai hannu. Saboda haka kada walat ɗinka ya zauna a gefe ɗaya da bindiga. Idan tana hammatar hagu, aljihun ƙirji na ciki ba wurin takardu ba ne.

Ga sauran masu karatu kuma: mai katin zama na dindindin yana iya mallaka, amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi in ban da 'yan keɓantattun yanayi. Kada wani ya ga ɗan uwa na ɗauka shi ma ya ara.

Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. New York zan je ba tare da ita ba, kuma zan nemi kuben kafaɗa mai maɗauri. Saura abu ɗaya: wurin aikinmu an hana shiga da makami, da a mota nake kulle ta. A babur fa?

Mai Koyar da Harbi:

Jakar gefe ta fata ko ta yadi ba ma'aji ba ce, wuƙa ɗaya ta gama da ita. Idan babur ɗinka na da akwati mai tauri mai makulli, ka sa ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki, ka ɗaure shi da wayar ƙarfe a jikin firam, ka cire bindigar da kubenta gaba ɗaya ba tare da ka zare ta ba, kuma ba a idon mutane ba. Amma irin naka mai duƙawa yawanci ba shi da ko wurin sa safar hannu, kuma mutum biyu ko uku na iya ɗaga shi sukutum su jefa a bayan a-kori-kura. Idan haka ne, ranakun aiki ka zaɓi ɗaya: ko mota da bindiga, ko babur ba ita.