Muhawara a zauren matasan ƙasar Ringim: wai waye "namu"?

Autan Baba: Raina a ɓace yake wallahi. Na buɗe adakar kakanmu, na tarar da lambar yabonsa ta yaƙin Boma ƙulle cikin tsumma, duk ta dushe. Mutumin da ya dawo gona yana ɗingishi har ya rasu, ko kwalbati ba a sa wa sunansa ba. Amma namu tsohon soja Chari Maigumeri, bariki guda aka sa wa sunansa a Lakwaja.

Ɗan Fillo: Dakata. Namu? Mutumin Barno ne fa. Yaushe Babarbare ya zama namu?

Yerima Mai Shayi: Kai Bafillace, koma wajen shanunka. Namu ne mana, tunda ɗan Arewa ne.

Malam na Haɗeja: Ku bar wasa. Jamus ya fara yi wa soja a Kamaru, har suka ba shi lambarsu. Da Turawan Ingila suka kama shi, sai ya sa kakinsu ya je Gabashin Afirka yana harbin Jamusawan. Na wa ke nan?

Yerima Mai Shayi: Allah gafarta Malam, ya yi Habasha, ya yi Boma, Samanja ne, sai 1953 ya ajiye aiki. Wanda ya sha wannan wuta ai ba a tambayarsa na wa.

Malam na Haɗeja: Irin wannan kakin ne ya shiga Haɗeja a 1906 aka kashe Sarki Muhammadu. Namu su ne waɗanda suka kwanta tare da shi.

Ɗan Gumel: Ai dama Bahaɗeje ko farashin barkono ake yi sai ya kawo 1906.

Malam na Haɗeja: Yaro, ni sa'an babanka ne.

Yaya Talatu: Ku da ko harbin ɗan tauri kuka ji sai ƙarƙashin gado.

Ɗan Fillo: Yaya, ba da ke ake ba.

Autan Baba: Jama'a, maganar kakana fa?

Shugaban zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta, yawanci sun yarda Maigumeri namu ne, kamar yadda ƙanena Yerima ya kawo hujja. Malam, da girmanka, ka sako abin da ba a tambaya ba. Ɗan Gumel bai yi laifi ba. Auta, turo hoton lambar mu gani, wataƙila ma ta halarta ce kawai, ba ta jarumta ba.