Komawa X bayan dogon hutu

Mun tattauna da wasu abokai kan yadda mutum zai koma X (wato Twitter ta da) ya sake tara mabiya, musamman waɗanda suka watse tun da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a Yunin 2021, ba su dawo ba ko da aka buɗe a Janairun 2022.

Kusan kowa ya ce kada ka fara da bayanin inda ka shige, ba wanda ya tambaye ka. Sabunta hotonka, ka zaɓi fanni ɗaya, ƙwallo ne ko farashin hatsi a Dawanau, ka tsaya a kai. Abin da aka fi nanatawa shi ne martani: amsa mai ma'ana a ƙarƙashin rubutun wanda ya fi ka jama'a ta fi jawo mutane kan rubutu a shafinka da ba mai leƙawa. Haruffa 280, iyakar rubutu ɗaya a asusun kyauta, sun wadatar.

Sayen mabiya kuwa, asara ce, don asusun bogi ba ya sharhi. Kan biyan kuɗin shuɗiyar alamar da X ke sawa a gefen suna aka rabu biyu: wasu sun ce tana ɗaga martaninka sama, wasu sun ce gara a sayi data da kuɗin.