Neman kalma: me za mu kira "jentirifikeshin" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin fassara da masu kishin harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, na juya ta na juya ta, ta ƙi wucewa. Turawa na ce mata "jentirifikeshin". Ba na son in zuba ta haka a rubutu, domin mai karatu zai yi tuntuɓe da ita ya wuce bai tsinci komai ba. Bari in fara ba ku labarin da nake fassarawa, wanda na same ta a ciki, don sai da labarin ake gane ta.

A birnin Fotland na jihar Oregon a Amurka akwai wani fili, kusan eka biyu, da ya daɗe babu komai a kansa, a mahaɗar titin Martin Luther King da titin Alberta. A ƙarshen 2013 hukumar raya birnin ta amince ta sayar da shi ga kamfanin gine-gine na Majestic Realty a kan kusan dala 500,000, alhali an yi masa kuɗi kusan dala miliyan 2.9. Za a gina rukunin shaguna da babban kantin cefane a ciki. Sunan kantin ya riga sanarwa yawo a bakin mutane, daga baya ta tabbata Trader Joe's ne. Wannan kanti a jihar Kalifoniya aka kafa shi a 1967, kuma yawancin kayansa da tambarinsa suke zuwa: cuku iri-iri, busassun 'ya'yan itace, dangin gyaɗa, dafaffen abinci daskararre. Ba wai ya fi kowa tsada ba ne. Abin da aka san shi da shi shi ne bin sawun 'yan boko masu ɗan abin hannu, har dillalan gidaje a can suna sa kusancin gida da shi cikin tallarsu.

Wata ƙungiyar shugabannin baƙar fata ta birnin, PAALF, ta rubuta takarda ta ce ba ta yarda ba. A Fabrairun 2014 kantin ya ce ya fasa zuwa.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce, yau ga abin mamaki, an kawo wa mutane kanti har gida sun ce ba sa so. Amma sai an san unguwar. Yankin Albina ne. Bayan ambaliyar da ta share garin Vanport da ke gefen Fotland ranar 30 ga Mayun 1948, nan baƙaƙen fata da yawa suka koma, domin dillalai ba sa sayar musu da gida a sauran unguwanni, bankuna kuma ba sa ba da bashin gina gida ko gyara shi a inda suke. Daga nan aka rushe wani sashe aka gina babban zauren wasanni, aka ratsa unguwar da babbar hanyar mota a shekarun 1960, aka sake share ɗaruruwan gidaje da shaguna a farkon shekarun 1970 da sunan faɗaɗa asibitin Emanuel, faɗaɗawar da ba a kammala ba, filayen suka yi shekaru suna kango. Waɗanda suka jure wannan duka suka zauna, su ne daga shekarun 1990 suka ga unguwar ta fara kyau: an gyara tituna, an kawo jirgin ƙasa na cikin gari, gidajen shan gahawa sun buɗe. Haya ta tashi. Dubbai suka tattara suka koma can gefen gabashin birni. Ba wanda ya zo da katafila a wannan karon, ba wanda ya ba su wa'adi. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake nema wa suna.

Asalin kalmar kuwa, wata masaniyar zamantakewa ce mai suna Ruth Glass ta ƙirƙiro ta a 1964, da ta ga yadda masu hali ke sayen tsofaffin gidajen leburori a wasu unguwannin Landan suna gyarawa, har unguwa ta juye gaba ɗaya. Ta samo ta ne daga "jentiri", wato masu filaye da gādo a Ingila, waɗanda ba su kai sarauta ba amma sun wuce talaka. To ku taimaka.

Na dawo, na karanta duk abin da kuka rubuto, Allah Ya saka da alheri. Bari in bi su.

Mutum uku sun ce "sabunta unguwa" ko "zamanantar da unguwa". Gaskiya ban karɓa ba. Waɗannan kalmomi na allon da ake kafawa a bakin aiki ne, kalmomin wanda ya zana taswira. Duk wanda ya ji an sabunta unguwa zai ce madalla. Babu wanda ya tashi a cikinsu, babu tsohuwar da ta bar ɗakin da ta yi shekara talatin a ciki. Idan na sa su a labarin Fotland, mai karatu zai ɗauka waɗancan mutanen ci gaba suke ƙi, na yi musu ƙarya ke nan da bakin Hausa.

Wani ɗan'uwa ya ce ai muna da "rusau", me ya sa za mu wahalar da kanmu. Malam, rusau kalma ce mai kyau kuma tana da aikinta. Abin da aka yi wa Maroko a Legas a Yulin 1990, lokacin gwamnan soja Raji Rasaki, rusau ne: an ba mutane kwana bakwai, katafila ta shigo, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar. Abin da aka yi wa Albina don hanya da asibiti shi ma rusau ne. Amma rusau yana da rana, yana da ƙura, ana iya ɗaukar hotonsa, ana iya nuna wanda ya sa hannu. Wannan da muke magana a kai gidan yana nan tsaye, har an yi masa sabon fenti. Mutanen ciki ne suka canja. In muka haɗa su a kalma ɗaya, mun rasa ɗaya daga cikinsu.

Na ga "mamayar masu kuɗi" daga wata baiwar Allah. Hajiya, kin kama rabin abin, kuma rabin da asalin kalmar Turancin ta kama, wato masu shigowa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne mamaya tana da niyya da shiri, kamar ta yaƙi. Malamin makarantar da ya sayi tsohon gida a Albina don nan ne kuɗinsa ya kai, bai zo da nufin tayar da kowa ba. Kuma ko a rigimar kantin nan ba duk baƙaƙen fata ne suka ƙi ba. Akwai mazauna da 'yan kasuwa da suka so ya zo saboda aikin yi da cefane kusa da gida, kamfanin da zai yi ginin ma, Colas Construction, na baƙar fata ne. Kalmar da za ta raba mutane gida biyu, mahara da waɗanda aka kai wa hari, ba za ta iya ɗaukar wannan labari ba.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce ko Faransanci aron kalmar ya yi, mu ma mu ara kawai mu huta. Na gode, Yallaɓai. Da kalmar gajeriya ce kamar mota ko biredi, da baki ya tauna ta ya mai da ita tamu. Wannan gaɓa shida ce, ba a ganin komai a cikinta.

Sai kuma wani dattijo da ya rubuto kalma uku kacal: "kora da hali". Baba, ka hana ni barci jiya. Duk Bahaushe ya san kora da hali. Baƙo ya daɗe, ba za a ce masa tafi ba, amma tuwo ya fara zuwa a makare, gaisuwa ta gajarce, tabarmar da yake zama a kai an naɗe an kai ɗaki. Shi da kansa zai ce gobe zan kama hanya, a ce masa haba tun yanzu. Haka abin yake sak. Kuma ga wata ma'ana ta biyu da ta faɗo a kai: hali shi ne wadata, masu hali su ne masu shigowa. An kore ka da hali, halin wani ya fi naka. Ban taɓa ganin kalma ta zauna daram a kan abu irin haka ba.

Duk da haka na tsaya na gwada ta a jimla. "Mazauna unguwar na kokawa da kora da hali." Wanda ya ji wannan a rediyo zai ɗauka maƙwabta ne ke ɗaure musu fuska, ko mai gida ne ke musu wulaƙanci. Ma'anar farko ta yi ƙarfi ƙwarai, ta riga ta cika kunne, ba za ta matsa wa ta biyu ba sai da dogon bayani. Kalmar labarai kuwa ba ta da lokacin bayani.

Saboda haka na ɗauki ƙirarta na canja kalma ɗaya: kora da tsada.

Ga dalilina, kuma da idona na gani ba a Amurka ba. A layinmu akwai wani tela da ya yi shekaru a shago ɗaya, tun hanyar tana ƙasa, in damina ta yi sai an sa bulo ana takawa kafin a kai ƙofarsa. Shi ya ɗinka mini kayan sallah tun ina yaro. Aka zo aka zuba kwalta, aka yi magudanar ruwa, muka yi murna har da shi. Ba a daɗe ba wani ya sayi gidaje biyu na zama a bakin titi ya mai da su filaza mai gilashi. Shekara na zagayowa mai shagon ya aiko masa da sabon kuɗin haya, kuma yana son na shekara biyu a dunƙule. Ba su yi faɗa ba. Ranar da zai tashi na tarar an ɗora keken ɗinkin a kan kura an ɗaure da igiya, shi kuma yana tsaye yana cire ƙusoshin da yake rataye ɗinki a jikin bango, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a aljihu. Mai shagon har addu'a ya yi masa. Yanzu waya ake sayarwa a wurin. Idan na ce wa mutanen layinmu an yi wa tela kora da tsada, babu wanda zai tambaye ni me nake nufi. Ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a nan kabar ce ta tashi.

Kuma kalmar tana juyuwa yadda ake so. An kore su da tsada. Unguwar na fama da kora da tsada. Ana tsoron kantin zai jawo kora da tsada. Na san akwai abin da ta bari a baya: ba ta nuna yadda fuskar unguwa ke canjawa ba, yadda mai ƙosai ke ɓacewa gidan gahawa ya maye gurbinta, yadda wanda bai tashi ba ma yake zama baƙo a layin da aka haife shi. Wannan sai jimla ta ɗauka. Amma in dole kalma ta zaɓi abu ɗaya ta riƙe, gara ta riƙe wanda ya tashi.

Wata ta tambaya yadda aka ƙare a Fotland. Abin da ƙungiyar ta tsaya a kai shi ne tsarin ginin: fili na hukuma, an yi ragin sama da dala miliyan 2, amma shaguna ne kawai da wurin ajiye motoci, babu ɗakin kwana ko ɗaya mai sauƙin haya. Bayan kantin ya janye, magajin garin lokacin, Charlie Hales, ya sanar da ƙarin dala miliyan 20 don gidaje masu sauƙin haya a yankin, daga baya kuma birnin ya fito da tsarin ba da fifiko ga waɗanda aka tayar daga unguwar da zuriyarsu idan za a raba irin waɗannan gidaje. Filin kansa an gina shi, wani kantin cefanen mai suna Natural Grocers ya buɗe a wurin a 2018, tare da wasu shaguna da aka ware wa ƙananan 'yan kasuwar yankin.

Ga yadda na sa jimlar a fassarata: "Ƙungiyar ta ce ba kanti take ƙi ba, tsoronta shi ne ginin zai ƙara rura kora da tsadar da ta riga ta raba dubban baƙaƙen fata da unguwar iyayensu." Na karanta wa mahaifiyata ita da daddare ba tare da na yi mata wani bayani ba. Ta ce, "Kamar yadda aka yi wa telan nan ke nan." Da wannan kalma zan miƙa aikin gobe in Allah Ya kai mu. Baba mai "kora da hali", ƙirar taka ce, na gode ƙwarai.