Ƙamshin kanumfari ya mayar da ni Zanzibar, ni da marigayi Malam

Hajiya, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum. Ɗazu bayan la'asar ina daka kayan ƙamshin fura, citta da barkono da kanumfari, sai taɓarya ta tsaya a hannuna. Ƙamshin kanumfarin ya ɗauke ni daga tsakar gida ya kai ni wata gona a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, inda wani yaro ya tsinko ɗanyenshi daga bishiya ya miƙa wa maigidana Malam, Allah ya jiƙanshi. Duk girkin da na yi a rayuwata, sai ranar na san kanumfari tohon fure ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Malam ya murza a tafin hannu ya kawo mani hanci, a gaban mutane. A Katsina ba zai taɓa yin haka ba.

Malamin labarin ƙasa ne. Ya ƙare aikinshi yana zana wa yara tsibiri a allo, yana cewa ƙasa ce da ruwa ya kewaye, shi kuwa bai taɓa taka ko ɗaya ba. Da garatutinshi ya fito ya ce mani in shirya. Dangi suka yi ta magana, wai da Umara muka sake komawa. Bai yi musu da kowa ba, ya sayi tikiti.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Darussalam, sannan jirgin ruwa na wajen awa biyu. Tsohon garin da suke kira Stone Town lunguna ne matsattsu kamar na cikin birninmu, sai dai ƙofofinsu na katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Galibin mutanen Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Malam ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta kalmomin Swahili da suka yi kama da namu: habari labari, dunia duniya, sabuni sabulu, Alhamisi Alhamis. Lissafin lokacinsu ma ya burge shi, don daga fitowar rana suke farawa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu.

Abin da ya fi zauna mani a rai Jambiani ne, a gabashin tsibirin. Da safe muka tarar teku ya janye can nesa, mata sun shiga da zannuwansu suna ɗaure ciyawar ruwa a igiyoyi tsakanin turaku, nomansu ke nan. Muka tuɓe takalma. Yashin fari fat kamar garin rogo. Malam ya riƙe hannuna yana bayyana mani yadda wata ke jan ruwan, ya ce nan da awa shida zai dawo ya rufe inda muke tsaye. Haka kuwa aka yi. Shekara talatin da ɗaya da aure, ranar ce farkon da muka yi tafiya hannu cikin hannu.

Shekara uku ke nan da rasuwarshi. Tun da na fita takaba, duk wanda na ɗauko wa zancen sai ya ce "sai haƙuri Hajiya", magana ta mutu. Haƙuri ina yi, alhamdu lillahi. Labarin nake so in ba wani. Ko akwai wanda ya yi irin wannan tafiya da abokin zamanshi da ya riga shi?

Alhaji, Daura

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya gafarta wa Malam, ya sa ilmin da ya koyar ya bi shi. Mu maza mun fi ku ɓoye wannan abu, amma tunda kin buɗe ƙofa bari in shiga.

Ni da uwargidana mun je Maulidi Kaulaha, ziyarar Shehu Ibrahim Inyass. Da aka watse muka dawo Dakar jiran jirgi, saura kwana biyu, sai wani abokin tafiya ya ce mu leƙa tsibirin Gore. Minti ashirin ne a jirgin ruwa. Ita fa ruwan da ta sani bai wuce rijiyar Kusugu da madatsar Sabke ba. Tun da jirgin ya tashi ta damƙe gefen rigata tana salati har muka sauka.

Ƙaramin wuri ne, babu mota ko ɗaya, gidajen ja da rawaya, furanni sun sauko ta kan katanga. Aka kai mu gidan da ake tsare bayi kafin a tsallaka da su Amurka. Ɗakunan ƙanana, ba iska. A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofa da ta buɗe kai tsaye ga teku, aka ce wanda ya fita ta nan ba ya dawowa. Mutane na ta ɗaukar hoto. Ita ta ƙi. Ta samu gefe ta zauna, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya ta ce Allah ya kai ladan ga waɗanda suka mutu ba wanda ya yi masu salla. Na zauna da matar nan shekaru, amma a wurin na san girman zuciyarta.

Da muka fito ta ci shinkafa da kifi irin tasu har ta nemi ƙari, ta cika gorar ruwa da yashin bakin teku. Ranar rabon gado yara za su zubar, na ce a bar mani. Tana nan bisa kabet ɗinta.

Ƙanwarku daga Layout, Katsina

Mama, na karanta naki ina kuka. Ni tawa ta ɗan bambanta, ku yi mani uzuri.

Mijina na farko ya yi karatun digiri na uku a Malesiya, na bi shi da jaririyarmu. Da ya kare kundinshi ya ce kafin mu dawo gida sai mun je Langkawi, tsibiran da ke jihar Kedah kusa da iyakar Tailan, waɗanda ake cewa guda 99 ne. Kwana huɗu muka yi, da ɗan abin da ya tara daga alawus. Akwai ƙaton gunkin mikiya a bakin ruwa a garin Kuah, can muka yi hoto mu uku. Muka hau keken nan da ke rataye a waya zuwa saman dutse, gajimare na wucewa ta ƙarƙashinmu. Ruwan sama kuwa ba sallama, ya zubo yanzu ya ɗauke yanzu, ya yafa wa yarinyar rigarshi shi ya jiƙe sharkaf yana dariya. Wata takwas da dawowarmu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano.

Yanzu na yi wani auren, kuma wallahi mutumin kirki ne, ya riƙe mani marainiyata kamar tashi. Shi ya sa hotunan suke ƙasan akwati. In na tuna Langkawi sai in ji kamar na ci amanar wanda nake gidanshi, in na danne kuma sai in ji na ci amanar wanda ya tafi. Yarinyar ta fara tambaya ina ne aka yi hoton mikiyar nan.

Malamar Islamiyya, Ƙofar Marusa

Ɗiyata, ba ki ci amanar kowa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta alhali yana tare da sauran iyalanshi. In ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Wannan ya tabbata a Bukhari da Muslim. Abin da zan ce kawai, ki kiyaye kwatanta su a gabanshi, don namiji ma yana da kishi. Amma yarinya haƙƙinta ne ta san ubanta. Ki zaunar da ita ki nuna mata hoton, ki gaya mata wanda ya cire rigarshi ya rufe ta.

Wata 'yar'uwa, Daura

Ni ban je ba. Maigidan ya yi mana fasfo, ya ce bayan girbi, bayan auren babbar ɗiyarmu, bayan azumi. Ciwon suga ya kwantar da shi. Fasfo ɗin biyu suna nan, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Nesa mafi tsawo da muka je don hutu ita ce madatsar Jibiya, wata ranar Salla, muka ci soyayyen kifi a cikin mota. Ku ci gaba da ba da labarin, ina karantawa, yana yi mani daɗi.

Hajiya, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Allah ya saka maku da alheri, ya jiƙan namu baki ɗaya. Alhaji, kada ka bari a taɓa gorar nan. 'Yar'uwata ta Daura, kifin Jibiya ma tafiya ce, ki ba mu labarinta dalla-dalla.

Bayan isha'i na ɗauko ɗan littafin Malam, rabona da shi tun yana raye. Ya rubuta shekarun da ya ji daga bakin mai yi mana jagora: 1873 aka rufe kasuwar bayi ta garin, 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Malami dai ko a hutu malami ne. A shafi na ƙarshe akwai kalma ɗaya, pole, a gefenta ya sa da jan biro: sannu, ana faɗa wa mai gajiya, da marar lafiya, da wanda aka yi wa rasuwa.

Autata ta daɗe tana cewa za ta mayar da ni, ina ƙi. Ɗazu na kira ta na ce ta fara tambayar kuɗin jirgi, amma kada ta sa mu tsakanin Maris da Mayu, lokacin ne damina mai ƙarfi a can, Malam ya rubuta wannan ma. Ina so in isa Jambiani da safe, kafin ruwa ya dawo.