Wai 'yan Sikotland sayar da Sarki Charles suka yi?

Bashir: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. Da yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa ya juya wa Sarki Charles na Ɗaya baya, sai ya sulale daga Oxford cikin shigar hadimi. Ranar 5 ga Mayu 1646 ya miƙa kansa ga rundunar Sikotland da ta yi wa Newark ƙawanya. Mutanensa ne fa, a Dunfermline ta Sikotland aka haife shi. Suka tsare shi a Newcastle, Janairun 1647 suka sayar da shi ga majalisar Ingila. Akwai cin amanar da ta wuce wannan?

Malam Habu: Bashir, janye "sayar". Bashin albashin sojojinsu ne, tun 1644 suke yaƙi a gefen majalisa. Fam 400,000 aka daidaita, aka ba su rabi suka koma gida.

Bashir: Malam, kuɗi ya shiga hannu, mutum ya fita hannu. A kasuwa me ake kiran wannan?

Hajiya Rabi: Biyan bashi ba ciniki ba ne, ɗana. Sun yi ta lallashinsa ya amince da tsarin cocinsu na Firesbiteriya, ya ƙi. Su ɗauke shi su kai ina?

Sadiq: Ko "miƙa kai" ma ban yarda ba. Dabara ce, so yake ya haɗa su faɗa da majalisa.

Bashir: Sadiq, kai dama ba ka ƙaunar sarauta, kowa ya sani.

Sadiq: Kai kuma jinin fada ne ke motsa ka.

Malam Habu: Sadiq, Bashir yayanka ne, gyara harshenka.

Sadiq: Shekara biyu ya ba ni, Malam. Kuma shi ya fara.

Hajiya Rabi: An bar Charles an koma lissafin shekaru. Ku tuna dai 'yan Sikotland ɗin sun dawo da runduna domin shi a 1648, Cromwell, kwamandan sojojin majalisa, ya murƙushe su a Preston.

Bashir: Nadamar ciniki ce, Hajiya.

Admin Garba: Na rufe. Malam Habu ya kawo lissafi, amma bai amsa tambayar kasuwa ba. Mutum ya zo neman mafaka, aka karɓi kuɗi, aka miƙa shi ga waɗanda suka fille masa kai ranar 30 ga Janairu 1649. Ni a wurina Bashir ne da gaskiya. Sadiq, ka kira yayanka ka ba shi haƙuri.