Polyp da Hausa: tsiro, ƙari, ko tohon hanji?

Jama'a, na kawo cigiyar kalma. Makon jiya na raka kawuna wani asibiti a nan Jidda aka yi masa minzar, wato aka zura siririn bututu mai kyamara aka leƙa babban hanjinsa. Da aka gama, likita ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ga wani ɗan nama ja mai wuya, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce "lahmiyya" ce, sun cire ta. Turawa polyp suke cewa.

Kawu ya dube ni: "Kai yaro, me ya ce?" Na ce, "Kawu, tsiro ne aka cire." Sai ya saki fuska, ya ce ashe basir ne, ai da an bar shi da saiwoyinsa. Nan na san na yi ɓarna da bakina. A kunnen Bahaushe, tsiro a wannan wajen na basir ne.

Ga abin da ya sa na nace. Bert Vogelstein, haifaffen 1949 a birnin Baltimore na Amurka, lissafi ya fara karantawa kafin ya koma likitanci a Jami'ar Johns Hopkins, inda ya gama a 1974. Likitan yara ne da fari, daga baya ya tare a ɗakin bincike a kan sankarar babban hanji. A 1988 shi da abokan aikinsa suka gwada naman da aka ciro daga marasa lafiya, daga ƙananan da ba su zama komai ba har waɗanda suka rikiɗe, suka ga lalacewar ƙwayoyin gado tana taruwa daki-daki. A 1990 shi da abokin bincikensa Eric Fearon suka fitar da taswirar tafiyar, daga ɗan nama zuwa sankara. Yadda ake koyar da ita yau, da sunayen ƙwayoyin gado uku: APC ta lalace, ɗan naman ya fito; KRAS ta biyo baya, ya girma; p53 ta faɗi, ya zama sankara. Tafiyar kan ɗauki shekara 10 ko fiye, kuma yawancin 'yan naman nan ba sa kaiwa ƙarshenta. A nan Saudiyya, ƙasar da sankarar babban hanji ce kan gaba a tsakanin maza, har ake ba da shawarar fara gwaji daga shekara 45, kalmar da za mu zaɓa sai ta faɗi abu biyu: ba daji ba ne, amma yana iya zama.

Wani ɗan'uwa mai aikin jinya a Madina ya ce a yi amfani da ƙari. Malam, na ji ka, amma ka taɓa ce wa tsoho "an ga ƙari a cikinka"? Kafin ku isa mota ya fara wasiyya. Ƙullutu kuma abin da ake shafawa a ji ne a ƙarƙashin fata.

Wata Hajiya daga Makka ta kawo wadda ta fi ba ni dariya, ta kuma fi kama da abin: belun hanji. Wallahi Hajiya kin ga hoton, haka yake reto kamar belu. Tsorona ɗaya, mu dai mun san wanda ake kai wa belu. Kada wani ya fita neman wanzami.

A bar lahmiyya yadda take? Mu da ke nan za mu gane, amma ita ce kuma ake faɗa wa naman hancin yara, kuma 'yan'uwa a Kano da Damagaram ba su san ta ba.

Ni na tsaya a kan tohon hanji. Toho ƙarami ne, sabo ne, ba ya tsoratarwa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ba ya zama yadda yake. Rauninta: akwai waɗanda ke kwance shafal a jikin hanji, ba wuya ba kai. Waɗannan sai mu ce shimfiɗaɗɗen toho.

Jiya bayan la'asar na gwada ta a kan Kawu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wanda ya cire shi ya tabbata bai bar gindin ba? Yaushe suka ce mu koma?" Takardar tana aljihuna, na miƙa masa.