Tsakiyar ganin Baba ta dushe, ni ma ina da hawan jini

Assalamu alaikum. Babanmu yana da shekara 68, muna zaune tare a Jos. Tsakiyar ganinsa ta dushe: ba ya gane fuskar mutum, layin rubutu a karkace yake ganinsa, amma gefe yana gani sarai. Mun canja tabarau, mun ɗiga magani, babu sauƙi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce, tsakiyar bayan idon ce ke lalacewa saboda tsufa, kuma shan taba, hawan jini da gado na ƙara haɗarin. Baba ya daɗe yana shan taba. Ni ba na sha, amma ina da hawan jini, hankalina ya tashi. Don Allah daga shekara nawa ya kamata in fara zuwa a duba min bayan ido?